Gurbin Inna Tabawa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yi mata ado da tsirrai, ya saukar da ruwa inda ya so, ya riƙe shi inda ya so. Bayan haka, ni ne Korau mai ɗaurin fure, mutumin Birnin Zarnu, wanda ya ratsa Fakon Gishiri sau huɗu, ya hau Dutsen Ƙanƙara sau biyar, ya ga ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Wasu sun yi irin wannan tafiya don zinariya, wasu don sarauta. Ni wani fure ne ya fitar da ni daga gida, ga kuma yadda abin ya faru.

Zarnu gari ne na rana da rairayi, inda sama ke zubar da ruwa kwana tara kacal a shekara. Saboda haka fure yana da daraja a wurinmu. Ba a raɗa suna, ba a kai amarya, ba a tarbar baƙo sai da damin fure, kuma masu ɗaure shi unguwa guda ne cur. A duk unguwar babu kamar Inna Tabawa. Ita ba 'yar garin ba ce. Tun tana budurwa ta ga wani fatake mai safarar gishiri, ta so shi, ta biyo shi daga can kudu mai nisa. Ya rasu bai bar mata ɗa ba, hanya kuma ta fi ƙarfin mace ita kaɗai, sai ta zauna. Ita ta ɗauke ni ina maraya ɗan shekara bakwai, ta koya mini yankan fure da sanyin safiya, da jiƙa kaba, da yadda ake jera furen lalle a bayan jan furen gurjiya don ƙamshi ya riga launi isa ga mutum. In na yi ƙulli sako-sako, kabar da ke hannunta ita ke gaisawa da yatsuna.

Akwai abu ɗaya da ya bambanta ɗaurinta da na kowa. A tsakiyar kowane dami takan bar fili, daidai shigar yatsu uku, ba ta sa komai a ciki. Mutanen Zarnu suka ga abin ya yi kyau, suka sa masa suna ɗaurin Tabawa, duk unguwa ta kwaikwaya. Ni ma shekara ashirin da biyar ina barin wannan gurbi, ban taɓa tambayar dalili ba, don a zatona gwaninta ce kawai.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Wata safiya na tarar da ita ta ɗaga furen gurjiya saitin rana, tana juya shi, tana ƙifta ido. Tausayinta ya kama ni, sai na yi tambayar da ta kamata in yi tun ina yaro.

Na ce, "Inna, wai gurbin nan da kike bari, na mene ne?"

Ta sauke furen ta ce, "Wurin bakin aku ne, ɗan nan. Wani fure ne na ƙasarmu. Ganyensa kamar na ayaba, kansa ja wur, hawa-hawa, kowane hawa da ɗan kwano mai baki rawaya da ke tara ruwan sama. Muna yara mukan karkata shi mu sha. Jan da nake gani a nan duk ya koɗe, Korau. Da zan ƙara ganin wancan jan sau ɗaya kafin duhun nan ya gama da ni, da na gode Allah."

Mai maganin ido ya ce mana shekara guda ta rage mata, in ta yi yawa biyu. Ban yi shawara da kowa ba sai matata Kande, wadda ta ce in je, ita za ta kula da tsohuwa. Da na je sallama Inna ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Kai, tsaya, ba ka ji ƙarshen maganar ba." Ni kuwa da gaggawar mai ganin ya gano bakin zare, na ce mata in na dawo ma ƙarasa. Ta girgiza kai, ta miƙo mini wuƙarta ta yankan fure, ta sa mini albarka.

Na bi ayarin gishiri muka shiga Fako. Ƙasa ce fara fat, tafiyar kwana arba'in, ba itace ba tsuntsu. Zafin wurin ya kai inuwar mutum takan gaji ta zauna, dole ka tsaya ka jira ta, don wanda ya tafi ya bar tasa ba ya kai labari. Tawa malalaciya ce, ta ja mini faɗan madugu ba sau ɗaya ba.

A ƙarshen Fako akwai Garin Tagulla. Mai mulkinsa wata Magajiya ce da ba ta son abin da ke yanƙwanewa, don haka ta sa maƙera suka ƙera mata lambu guda na furannin tagulla da azurfa. Dokarta ita ce duk mai ɗaurin furen da ya biyo ta garin sai ya ɗaura mata damin da idonta bai taɓa gani ba. In ya kasa, a rataya masa tulu ya shiga ban ruwan lambun har ƙarshen ransa. Na ga mutum ɗari uku suna zuba ruwa a gindin ƙarfe, daga safe har yamma, wasu gemunsu ya yi fari a kan aikin.

Wuƙar Inna da ke ɗamarata ta tona mini asiri, aka kai ni gaban Magajiya. Aka zube mini furannin ƙarfe, masu nauyi, masu yanka hannu. Na duba na ga duk wata dabara an riga ni yin ta, sai hannuna ya yi abin da ya saba, na ɗaura na bar gurbi a tsakiya.

Magajiya ta juya damin, ta leƙa, ta ce, "Kai baƙo, ka manta wani abu."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ban manta ba. Wurin wani fure ne da maƙeranki ba su taɓa ƙerawa ba."

"Ina yake?"

"Shi zan je ɗaukowa. In na ɗauki tulu kuwa, haka wurin zai zauna."

Ta sa aka ajiye damin a gabanta kwana uku. Ta ci abinci tana kallon gurbin, ta yi shari'a tana kallon gurbin. A rana ta huɗu ta kira ni ta ce, "Tashi ka tafi, ramin nan ya hana ni sakat. Amma ka rantse ta nan za ka dawo." Na rantse, na fita.

Daga nan sai Dutsen Ƙanƙara, inda sanyi ya kai gemun wani abokin tafiyarmu ya ƙage, ya shafa shi ya karye kamar busasshen kara. Kwana shida muna hawa, shida muna sauka. Da muka gangaro ta ɗaya gefen sai na ji wani ƙamshi da a Zarnu kwana tara kawai muke jin sa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wannan ita ce Ƙasar Yayyafi. Ganye ɗaya a can ya isa ya rufe ƙofar ɗaki. Akwai wasu tsuntsaye da ba su wuce babban yatsa ba, masu tsayawa cak a iska suna tsotsar fure, su na bi har bakin wani rafi.

A nan na gan shi. Bakin aku, gaɓar rafi guda, ya fi ni tsawo, yana reto da ruwa a kwanukansa. Inna ba ta yi ƙarya ba, duk jan da na sani a rayuwata ashe ruwan hoda ne. Na durƙusa na yi kuka, sannan na yi abin da duk mai sana'ata zai yi, wato wauta. Na zaro wuƙa na yanki kara arba'in, rabi buɗaɗɗu, rabi masu toho, da lissafin cewa masu tohon za su buɗe a hanya kamar yadda furannin garinmu ke yi. Na hango hayaƙin wani ƙauye a ƙetaren rafi, amma ko sallama ban je na yi ba. Idon Inna nake tsere da shi, na juya a ranar.

A kwana na uku kan dutsen na kwance ƙunshin don in duba. Duka arba'in sun yi baƙi ƙirin, sun yi laushi, tohon ko ɗaya bai motsa ba. Na zauna a kan ƙanƙara da ruɓaɓɓen kaya a cinya, ina lissafin watannin da suka wuce. Ban taɓa jin kewar wani mahaluki kamar yadda na ji kewar tsohuwar nan a wannan wuri ba, har kabar da take bugun yatsuna da ita na yi marmari. Da kukan ya ishe ni na sake gangarawa, wannan karon na nufi ƙauyen.

Abin da na fara lura da shi shi ne kowace ƙofa da damin fure a rataye. A yawancinsu an soka bakin aku guda ɗaya a tsakiya. Amma jefi-jefi sai in ga wanda aka bar tsakiyarsa fili, daidai yatsu uku. Ina tafe ina mamaki har na iso wata ƙofa a ƙarshen ƙauyen, na tsaya cik. Ƙullin da ke jikin wannan damin mai kunne uku ne, an juya shi ta hagu. Mutum biyu na sani a duniya masu yin sa, ni da wadda ta koya mini.

Na yi sallama. Wata tsohuwa ta fito tana share hannu da zani, doguwa, mai wushirya irin ta Inna. Bayan mun gaisa ta ba ni ruwa, na ce, "Baba, don Allah, me ya sa ba ki sa fure a tsakiyar damin nan ba, ga shi kuwa har bayan ɗakinki ya tsiro?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta dalilin da ya sa ake rufe ƙofa. Ta ce, "Lallai kai baƙo ne. Gidan da wani nasa ya yi tafiya ai ba ya cike dami. Gurbin matafiyi ke nan. Ranar da ya dawo, shi zai yanko bakin aku da hannunsa ya soka, kowa ya gani ya san gidan ya cika."

"Wa kike jira, Baba?"

"Yayata. Ta bi wani mai gishiri, bana shekara hamsin da biyu. Iyayenmu sun bar mata har suka rasu, ni kuma na karɓa. Duk kwana bakwai nake sabon ɗauri. Mutane sun ce in haƙura in cike, na ce wa ya kawo mini labarin mutuwarta?"

Na zaro wuƙar Inna na ajiye a gabanta. Ta ɗauka, ta shafa ƙotar, ta kai yatsa kan wani tsohon tabo a jikin icen, sai ta zauna a ƙasa daɓas. Ta ce, "Ni na yi wannan tabon, na sha duka a kansa. Tabawa tana raye?"

Sunanta Yalwa. Kwana uku ta hana ni tafiya, tana tambayata abin da yayarta ke ci, da ko har yanzu tana da saurin hannu, da ko tana ambatonta. Wannan ta ƙarshe ta yi mini wuya, don Inna ba ta taɓa kiran sunan kowa nata a gabana ba. Sai na gaya mata cewa shekara hamsin ba ta ɗaura dami ko ɗaya ba tare da gurbi ba, har gari guda ya koya daga gare ta, amare da masu jego duk suna ta riƙe da gurbin matafiyi suna murna, ba wanda ya san abin da yake riƙe da shi. Yalwa ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen.

Da na ba ta labarin kara arba'in, ta riƙe baki. Ta ce, "Ku mutanen wuƙa! Bakin aku in an yanke shi ya gama girma, yadda ka yanke shi haka zai tsaya, sanyi kuwa ajalinsa ne. Saiwa ake ɗauka." Ta haƙo saiwa mai ido uku, ta dasa a tukunya da ƙasar bakin rafi, ta kawo zani da majanyi ta ɗaura mini a baya. Ta ce kada tukunyar ta rabu da ɗumin jikina a kan dutse, kada ƙasarta ta bushe a Fako. Na ce ta ba ni saƙo. Ta ce, "Ka ce mata ƙofa tana nan inda ta bar ta."

Haka na hau Dutsen Ƙanƙara, ƙato da gemu da goyo, fatake suna tambayata ko mace ce ko namiji. Na bar su da dariyarsu. Da muka sauka na kwance, sai ga toho kore ya leƙo.

A Garin Tagulla Magajiya ta ce in kawo abin da na yi alkawari. Ta ga ganye biyu a tukunya, ta ɓata rai, ta ce a kawo tulu a rataya mini. Na ce, "Ranki ya daɗe, mutum ɗari uku suna ban ruwa a lambunki, a cikin abin da suke shayarwa akwai wanda ya taɓa ƙara ko ɗan yatsa?" Na ɓalle ido ɗaya na saiwar na dasa mata a inuwa, na ce a auna shi da zare yau, a sake aunawa bayan kwana bakwai. Da aka sake aunawa zaren ya gaza. Magajiya ta tsuguna gaban ɗan tsiron, ta manta da ni, na sulale na bi ayari. An ce daga baya ta sallami masu tulu, ta bar mutum biyu kawai.

Fako ne ya kusa kashe mu. Ruwan salka aka raba, kowa da rabonsa, ni nawa na mutum biyu ne, kurɓi biyu ga tukunya, ɗaya gare ni. Leɓena ya tsage, inuwata ta riƙa zama tun hantsi. Amma ana saura kwana biyar mu fita, wani kara ya fito daga tsakiyar ganyen, ya fara ja.

Na shiga Zarnu bayan shekara biyu da wata huɗu, da fure hawa biyar a bayana, yara da manya suna bina. Kande ta tarbe ni a ƙofa, ta dubi furen, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ban tambaye ta ba, na gane.

Inna tana zaune a tabarmarta tana ɗauri da lalube. Idon ya rufe tun watanni bakwai da suka wuce. Na durƙusa na ce, "Inna, na kawo, amma na makara."

Ta ce, "Matso da shi, sarkin gaggawa."

Ta bi karan da yatsu, hawa-hawa, tana ƙirgawa a hankali. Da ta kai kwano na uku sai ta karkata shi, ragowar ruwan da na yayyafa masa da safe ya ɗiga a harshenta. Fuskarta ta koma ta wata yarinya da ban taɓa sani ba. Na ɗauko damin da take ɗaurawa na ce ta yanka ta soka, ko ba ta gani ba mu mu gani.

Ta ce, "Ba a nan ake soka shi ba. Abin da na so gaya maka ke nan ka ƙi tsayawa. Ka shiga ƙauyen?"

Na ce na shiga. Na gaya mata ƙulli mai kunne uku, da tabon wuƙa, da saƙon ƙofa.

Muryarta ta yi ƙasa ta ce, "Yalwa? Har yanzu tana bari?"

"Duk kwana bakwai, Inna."

Ta juya fuska wajen bango. Sannan ta lalubo zanin goyon da na kwance, ta ja shi ta ji ƙarfinsa, ta ce, "Korau, tsakanina da tukunyar nan wa ya fi nauyi?"

Kande ta dasa furen a bakin rijiyarmu, ni kuma na huta wata guda na sake ɗaura majanyi. Ba ta kai tukunyar nauyi ba. A Fako na ba ta kurɓi biyu na sha ɗaya, ta gane, ta mare ni a ƙeya. A kan dutse na ji numfashinta yana raguwa a wuyana, na riƙa yi mata gardama a kan ɗaurin lalle don ta yi fushi ta farka. Da muka gangaro, tun kafin in ce komai ta ɗaga kai ta shaƙi iska, ta ce, "Sauke ni. Da ƙafata na fita."

Ta riƙe kafaɗata muka bi bakin rafi. Ta karɓi wuƙarta, ta lalubi kara guda ta yanke. Mutanen ƙauyen suka fito suka yi tsaye, yayyafi na sauka. Yalwa tana bakin ƙofa, hannunta biyu a kan baki. Inna ta miƙa hannu ta sami damin, ta shafa ƙullin, ta ce, "Har yau ba ki iya ɗaure shi da ƙarfi ba." Sannan yatsunta suka sami gurbin, ta soka furen.

Yalwa ta ce, "Yaya, kin daɗe."

Inna ta ce, "Hanya ce da nisa."

Na yi wata biyu a wurinsu. Na so in ƙara, Inna ta ce ina da mata da 'ya'ya, in tashi in ba mutane wuri. Ta bi fuskata da tafin hannunta tun daga goshi har gemu, sau biyu, ta mayar mini da wuƙar, ta shige ɗaki ba ta raka ni ba. Na ɗauki zanin goyo a ninke a kafaɗa, na hau dutsen ni kaɗai, bayana yana jin sanyi.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Bakin aku ya kama a bakin rijiyarmu, ya yaɗu, na raba saiwarsa ga duk wanda ya roƙa. Yanzu ɗaurin Tabawa ya zama tsohon yayi a Zarnu, kowa soka jan fure yake yi a tsakiyar daminsa, ni ma in an saya haka nake ɗaura wa mutane. Gwiwoyina sun daina hawan dutse, ayarin da ke zuwa kudu kuma bai taɓa kawo mini labarin komai ba, mai daɗi ko marar daɗi. Masu wucewa sukan tsaya a ƙofata su ce, "Malam Korau, kai da ka kawo furen garin nan, naka damin ne babu shi?" Nakan ce musu haka na saba.

Wannan shi ne abin da ya same ni, na faɗe shi yadda ya faru, Allah Shi ne masanin abin da na manta. Gobe kwana bakwai ke cika. Zan tashi da sanyin safiya in jiƙa kaba, in jera lalle a bayan gurjiya, in yi ƙulli mai kunne uku, in sa yatsu uku a tsakiya in auna wa Inna wurinta.